Kirsimeti a Masar da iyali: tambayoyi da amsoshi

Tun da muka dawo daga Masar, ni da maigidana da yaranmu uku, tambaya ba ta ƙare ba. A bakin coci a tare ni, a zumuntar mata a tare ni, har maƙwabciyata Hajiya, wadda muke musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti shekara da shekaru, sai da ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, wai da gaske a ƙasar Azhar kuka yi Kirsimeti?" Baki ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda.

Ana zaune ƙalau, me zai kai Kirista ƙasar Musulmi da Kirsimeti?

Abin da ya kai Yusufu da Maryamu. Ku buɗe Matiyu sura ta 2: mala'ika ya ce wa Yusufu ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar, domin Hiridus na neman ransa. Ashe tun farko Masar na cikin labarin Kirsimeti, mu ne dai muke tsayawa a kan makiyaya da masu hikima mu rufe littafi.

Sannan Masar ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Cikin mutanenta sama da miliyan 100, kusan kashi goma cikin ɗari Kiristoci ne, yawancinsu Kibɗawa, wato 'yan tsohuwar ikkilisiyar Masar, kuma babu wata ƙasar Larabawa da ta kai ta yawan Kirista. Su da kansu suna cewa Markus mai bishara ne ya kafa ikkilisiyarsu a Iskandariya tun ƙarni na farko. Mu da bishara ta iso mana shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, idan muka shiga cocinsu, ƙannen baya ne.

Ranar 25 ga Disamba hutu ce a can?

A'a. Ranar aiki ce kamar kowace. Bankuna a buɗe, ma'aikata na tafiya ofis, motoci na ta oda a titi kamar kullum. Wannan shi ne abin da ya fi girgiza yaranmu. Autarmu ta saka sabuwar rigarta da sassafe ta leƙa taga, ta ga mai burodi a kan keke ya ɗora faffaɗan katako a ka yana ratsa motoci, ta juyo ta ce, "Mama, ba su san yau Kirsimeti ba ne?"

Za ku ga ado, ba shakka. Manyan otal-otal da kantuna, da unguwannin Alƙahira irin su Zamalek da Korba a Heliyofolis, duk suna kafa bishiyar Kirsimeti da fitilu, ga tsohon nan mai jar hula da suke kira Baba Nuwel. Amma wannan adon kasuwa ne da sabuwar shekara. Hutun gwamnati sai 7 ga Janairu, wanda aka mayar hutun ƙasa baki ɗaya tun 2003, zamanin Hosni Mubarak.

Me ya sa nasu ya zama 7 ga Janairu?

Lissafin kalanda ne, ba saɓanin bangaskiya ba. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalandar Rum, ita ce wadda muke amfani da ita yau. Kibɗawa suka ci gaba da tasu tsohuwar ƙidaya, inda haihuwar Almasihu take faɗawa 29 ga watan Kiyak. A zamaninmu tazarar ta kai kwana 13, shi ya sa ranar take zuwa 7 ga Janairu. Haka ma Habashawa suke yi.

Shawarata a nan ita ce babbar shawarar da zan ba kowa: in dai hali ya yi, ku ja tafiyarku ta kai 7 ga wata. Wanda ya zo 22 ga Disamba ya koma 2 ga Janairu ya ga dalar Fir'auna, ya ga kogin Nilu, amma bai ga Kirsimetin Masar ba. Matsalar ɗaya ce, makarantun gida sukan koma a daidai wannan makon. Mu mun gwammace yara su rasa kwana biyu na makaranta, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

To ranar 25 ɗin, ina za mu yi sujada?

Akwai wuri. Katolika da cocin baƙi suna bin 25 ga Disamba. Babban cocin Angilika na All Saints da ke Zamalek yana sujada da Turanci, kuma za ku tarar da 'yan Afirka da yawa a ciki, musamman mutanen Sudan. Katolika na da Basilika a Heliyofolis, akwai kuma cocin baƙi a unguwar Ma'adi. Ku tambayi lokaci tun kwana biyu kafin ranar, kada ku dogara da ƙarfe tara na safe irin na gida.

Wani abu kuma: hutun ƙarshen mako a Masar Juma'a da Asabar ne. Lahadi ranar aiki ce, don haka coci da yawa sun fi cika ranar Juma'a da safe. Da farko abin ya yi mini banbaraƙwai, muna fitowa daga sujada ana shimfiɗa tabarmin sallar Juma'a a bakin titi. Daga baya na saba.

Baƙo zai iya shiga sujadar Kibɗawa ta daren 6 ga Janairu?

Zai iya, amma ku tafi da fasfo, ku kuma je da wuri, domin akwai 'yan sanda da na'urar bincike a ƙofa. Su Kibɗawa da yawa suna da ƙaramin zanen gicciye a cikin wuyan hannun dama, su ɗaga hannun riga kawai a gane su. Ku ba ku da shi, sai takarda.

Ku manta da babban cocin sabon birnin gwamnati, wanda aka buɗe 6 ga Janairu 2019 rana ɗaya da katafaren masallacin Al-Fattah Al-Alim. Can Fafaroma Tawadros na Biyu, shugaban ikkilisiyar Kibɗawa, yakan jagoranci sujada, manyan ƙasa su halarta, shiga kuma ba ta kowa ba ce. Cocin unguwa ya fi. Mu a Shubra muka yi, unguwar da Kirista ke da yawa.

Ku shirya tsayuwa. Sujadar takan ɗauki awa uku ko fiye, ta ƙare wajen tsakar dare. Maza gefe guda, mata gefe guda, mata da yawa da ɗankwali a ka. Babu ganga, babu jita, babu rawar zumuntar mata. Abin kiɗansu ƙananan faifan ƙarfe biyu ne da ake gwarawa, da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, sai murya. Hayaƙin turare ya cika ɗakin har fitilu suka yi dishi-dishi. Rabin waƙar da Larabci, rabi da Kibɗanci, harshen da ya samo asali daga na Fir'aunoni. Ba mu fahimci komai ba sai "Amin" da "Halleluya" da sunan Allah, domin su ma Allah suke cewa, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Autarmu ta yi barci a kafaɗar wata tsohuwa da ba mu taɓa gani ba, na miƙa hannu zan ɗauke ta, tsohuwar ta harare ni ta gyara mata mayafi.

Jibin Ubangiji na 'yan ikkilisiyarsu ne kaɗai, kada ku shiga layi. Akwai dai gurasa mai albarka da ake rabawa bayan an tashi, wannan kowa na iya karɓa.

Waɗanne wurare ne aka ce Yesu da iyayensa sun bi?

Linjila ba ta lissafa garuruwa ba. Abin da ake nunawa al'adar ikkilisiyar Kibɗawa ce da suka gada kaka da kakanni, kuma gwamnati ta tsara ta a matsayin hanyar ziyara mai zango kusan 25, daga Sina'i har zuwa Asyut. Ku riƙe ta a haka, ba sai kun yi gardama da mai rakiya ba.

Mafi sauƙi shi ne Tsohuwar Alƙahira. Jirgin ƙasa na cikin gari zai sauke ku a tashar Mar Girgis, kuna fita kun iso. A nan cocin Abu Sarga yake, an gina shi a kan wani kogo da aka ce a ciki iyalin suka fake. Matakala ce mai ƙunci, mutum ɗaya-ɗaya, rufin ƙasa-ƙasa, ɗakin bai fi rumfar mai shayi ba. Babban ɗanmu, wanda tun safe yake ƙorafin ƙafa, ya yi tsit, can ya ce, "Baba, ashe su ma 'yan gudun hijira ne." Yaron da ya tashi a Kaduna ya san ma'anar kalmar, ba sai an fassara masa ba.

Kusa da nan akwai cocin Mu'allaƙa, wato ratayayye, domin a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Rumawa aka ɗora shi. Akwai gilashi a daɓen da za ku leƙa ku ga ramin da ke ƙasanku. 'Yan taku kaɗan kuma ga majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, ga masallacin Amru ɗan As, na farko a Masar, wanda aka kafa wajen shekara ta 641. Duka a yini ɗaya, a ƙafa.

Sauran: itacen ɓauren Maryamu a Matariya, ko da yake wanda ke wurin yanzu daga baya aka dasa shi, cocin Budurwa Maryamu a bakin Nilu a Ma'adi, inda aka ce daga nan suka shiga jirgin ruwa zuwa kudu, da gidajen sufayen Kirista huɗu na Wadi Natrun, tafiyar kamar kilomita 100 daga Alƙahira. Natrun ɗin nan ba komai ba ne illa kanwa. Kwarin kanwa ke nan, kuma da ita mutanen dā suke busar da gawar sarakunansu. Tun da na ji haka nake kallon kanwar miyar kuka da wani ido. Sufaye sukan taƙaita karɓar baƙi lokacin azumi, sai ku tambaya kafin ku ɗauki hanya. Deir Muharraƙ kuwa, inda aka ce sun zauna wata shida da kwana goma, yana can kusa da Asyut, ya yi nisa ga mai ƙananan yara.

Lafiya kuwa? Mun ji ana kai wa coci hari.

An kai. Ranar 11 ga Disamba 2016 bam ya tashi a cocin Butrusiyya da ke jikin babban cocin Markus a Abbasiya, ya kashe fiye da mutum 25, yawancinsu mata. Ranar 9 ga Afrilu 2017, Lahadin ganyen dabino, aka kai hari coci biyu a Tanta da Iskandariya, fiye da mutum 40 suka mutu. Tun daga nan aka tsaurara tsaro, shi ya sa ba za ku ga babban coci ba sai da jami'ai a ƙofa. Shugaba Sisi ma ya je gaisuwar Kirsimeti coci a 2015, abin da shugaban Masar bai saba yi ba kafin shi.

Mu dai ba mu ga tashin hankali ba, mun yi yawo da dare da yara fiye da yadda muke yi a gida. Arewacin Sina'i ne ba a zuwa. Kada ku ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko shingen bincike. Kada ku shiga da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Kuma ku duba jakar magani da kyau: Tramadol na iya kai mutum kurkuku a Masar. Duk maganin da likita ya rubuta, ku tafi da takardarsa.

Za mu sami shinkafa da kaza?

Kaza gasasshiya tana ko'ina, shinkafa ma haka. Abin da babu shi ne yaji. Abincinsu ga harshenmu lami ne, don haka ku ƙulla dakakken yajinku a jaka. Ranar 25 a gidan haya muke, na sayi tumatir da albasa da kaji biyu na yi dafa-duka a wata tukunya mai sirin gindi da ta kama mini ƙanzo. Ba ta yi kyan gani ba, amma ko ƙwaya ba ta kwana ba. In da hali, ku kama gida mai kicin maimakon otal, ko don wannan rana.

Yara sun fi son koshari: shinkafa, taliya, wani ɗan wake da ake kira adas, miyar tumatir da soyayyar albasa a sama. Ga araha ga cika ciki. Da safe ful, wato dafaffen wake, da ta'amiya, wadda ƙanwar ƙosai ce, sai dai kore ne cikinta.

Kibɗawa na azumin kwana 43 kafin Kirsimeti, daga 25 ga Nuwamba, ba nama ba madara ba ƙwai. Za ku ga an rubuta "siyami" a kan wasu kayan ci, wato na masu azumi. Ana tashi daga sujadar dare sai gida, a buɗe baki da fatta: soyayyen burodi a ƙasa, shinkafa a kai, romon nama da tafarnuwa da ruwan tsami. Washegari a yi ta yawon gaisuwa da kahk, wani cincin mai garin sukari. Abin da ya ba ni dariya, fattar nan ita ce abincin Musulminsu da Babbar Sallah, kahk kuma da Ƙaramar Sallah. Tukunya ɗaya, biki biyu.

Naman alade sai an nema da gaske. Giya akwai a manyan otal da shaguna masu lasisi, ba a sha a titi. Ruwan gora za ku riƙa saya.

Ƙasar hamada ce, ai zafi ake yi ko?

Nan muka yi kuskure. A Disamba da Janairu Alƙahira da rana takan kai digiri 19 ko 20, da dare ta sauka wajen 9 ko 10, gidajen kuma an gina su ne don zafi, daɓen tayil kamar ƙanƙara. Ku ɗauka hunturun Jos ne, ku ƙara kaɗan. Rigar sanyi, safa, hula, man shafawa. Rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, wuraren tarihi na rufewa da wuri, sai a yi sammako.

Sutura ba matsala ga macen Arewa. Atamfa da gyale sun wadatar ko'ina, coci da masallaci. Doka ba ta tilasta wa mace rufe kai a titi ba.

Ba ma jin Larabci. Yaya za mu yi?

Kuna ji, ba ku sani ba ne. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, duk suna nan a kasuwar Khan Khalili. Ranakun mako ma kusan haka. Sai dai Bamasare yana mayar da "j" ta koma "g", Juma'a ta zama Gum'a. Ku riƙe "bikam", wato nawa ne, da "la, shukran", wato a'a na gode, wadda za ku faɗa sau ɗari a yini. Gaisuwar biki kuwa, ta Sallah da ta Kirsimeti, ɗaya ce: "kullu sana winta ɗayyib".

In kuka ji Hausa a bayanku kada ku yi mamaki. Ɗalibanmu na Azhar suna da yawa, musamman wajen Madinatu Nasr. Wani ɗan Zariya da ya ji muna faɗa da yara a tasha ya bar abin da yake yi ya raka mu har inda za mu sauya jirgi, yana ta "Mama, ku bi a hankali."

Biza, jirgi da kuɗi fa?

Mai fasfon Najeriya ya nemi biza tun yana gida, da wuri, kada ya dogara da samu a filin jirgi. Ku tafi da katin rigakafin shawara na kowa, har jariri in ya isa yi. EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja da Legas kai tsaye zuwa Alƙahira, daga Kano tafiyar ba ta kai awa biyar ba. A lokacin sanyi agogonsu na gaban namu da awa ɗaya.

Makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne ganiyar zuwan Turawa, komai na tsada, ɗakuna na ƙarewa. Baƙo yana biyan kuɗin shiga wuraren tarihi fiye da ɗan ƙasa, kuma da yawansu yanzu da kati ake biya, ba tsaba ba. Ku tabbatar da bankinku cewa katin zai yi aiki a waje. Ku kuma tanadi canji don bakshish, ɗan ihsanin da mai ɗaukar kaya, mai gadin takalmi da mai tsaron banɗaki duk suke jira.

Yara ba za su gaji da yawon coci ba?

Za su gaji, sai a gauraya. Dalar Giza tana bakin gari, babbar cikinsu ta Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500. Ku yi hankali da masu raƙuma da masu "kyauta". Wani ya naɗa wa ɗanmu rawani yana dariya yana cewa kyauta ce, da muka juya za mu tafi kyautar ta yi farashi. A gama ciniki kafin a hau komai, a kuma faɗa a fili cewa kuɗin har da saukowa. Sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamba 2025, can kayan Fir'auna Tutankhamun suke.

Luksor da Aswan sun fi ɗumi da rana, akwai jirgin ƙasa mai gadon kwana da ke tafiya da dare, wanda shi kansa biki ne ga yara. Dutsen Sina'i kuwa, mai tsayin mita 2,285, ana fara hawansa ne da tsakar dare don a riski fitowar rana, sanyin samansa na iya daskarar da ruwa, ƙarshensa kuma matakala ce wajen 750 da raƙumi ba ya hawa. Ban ba mai yaro ƙasa da shekara goma shawara ba. A gindinsa gidan sufaye na Katarina yake, tun ƙarni na 6, da ɗan masallaci a cikin ganuwarsa. Da safe kawai ake buɗewa, kuma ba kullum ba.

Ana nuna wa baƙar fata bambanci?

Akan yi. Samari a titi sukan jefo "samara" ko "shokolata", wani da wasa, wani da raini. 'Yarmu ta tsakiya abin ya ɓata mata rai har ta yi kuka rana ɗaya. Ku yi wa yara bayani tun a gida, kuma kada ku tsaya cacar baki. Mata su san cewa jirgin cikin gari yana da tarago na mata zalla, ya fi kwanciyar hankali lokacin cunkoso. A Aswan, ƙasar Nubiyawa, ba wanda ya ko ɗaga kai ya kalle mu.

Za mu iya shiga masallaci? Za mu iya raba takardun bishara?

Na farko, e. Manyan masallatan tarihi irin su Azhar, wanda aka gina tun ƙarni na 10, da na Muhammad Ali a kan ganuwar Salahuddin, suna karɓar baƙi in ba lokacin salla ba. A cire takalmi, mace ta rufe kai, a rage murya.

Na biyu, a'a. Wa'azi ga Musulmi a titi ko raba takardu zai jawo muku 'yan sanda, ya kuma jawo wa Kiristan wurin fitinar da za ku tafi ku bar su da ita. Littafinku na karatu da gicciyen wuyanku ba mai hana ku. Direban da ya kai mu Ma'adi, da carbi rataye a madubi, da ya ji inda za mu sai ya ce "Sittina Maryam", ya ɗora hannu a ƙirji, ya shiga karanto mana surarta.

Idan Kirsimeti ya haɗu da azumin Ramadan fa?

Ba yanzu ba. Ramadan na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, bisa lissafi sai wajen 2030 zai shigo ƙarshen Disamba da farkon Janairu. Mai shirin tafiya a lokacin ya san gidajen abinci da yawa za su rufe da rana.

Yaran ba su yi kewar gida ba?

Sun yi, ranar 25 musamman. Babu yawon gidan kaka, babu kwanon da za a kai wa maƙwabta, babu 'yan kuɗin barka da Kirsimeti. Da yamma muka kira gida ta bidiyo, Kaka ta riƙe wayar a kife muna kallon silin, ana ta hayaniyar 'yan uwa a bayanta, sai ga hawaye a idon babban ma. Baban yara ya ɗauko littafin waƙoƙi na Hausa da ya saƙa a jaka ban sani ba, muka zauna a kan bargo muka yi uku ko huɗu. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce shi ke nan, mun dami mutane. Ashe mai gadin gidan ne, bawwab kamar yadda suke cewa, da jallabiyarsa da rawani, ya ji ƙamshin girki tun rana ya zo tambaya ko lafiya. Na zuba masa sauran dafa-dukar da na ɓoye wa safe. Washegari ya dawo da kwanon, an wanke, cike da lemun zaƙi, ya nuna bakinsa yana fifita shi da hannu saboda yajin.